Na'urorin Sauti da Hoto na Gida da Matsayin Harshen Hausa

A da, sai an shimfiɗa wayoyi cikin bango kafin sauti da hoto su isa kowane ɗaki. A yau Wi-Fi ke ɗauke da su, kuma fasahohi irin su AirPlay 2, wadda ta fito a 2018, suna daidaita lasifikoki don kada sautin wani ɗaki ya riga na wani. Tun fitowar Echo na Amazon a 2014, umarnin baka ya fara maye gurbin rimot. Sai dai Alexa, manhajar da ke karɓar umarnin, ba ta jin Hausa. Koya mata na buƙatar taskar muryoyi mai fayyace karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko bai nuna ba, kamar bambancin garin zama da garin tuwo. Wannan aiki yana wuyan masana harshe.