Shakazoba

Shakazoba wani sashe ne na ƙafar mota da ke rage tsalle da girgiza bayan taya ta faɗa rami. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, ita kuwa shakazoba tana hana shi ci gaba da lilo ta hanyar matsa mai ta cikin ƙananan kafofin fistin.

Ire-irenta da yadda ake ɗaura su

Shakazoba mai bututu biyu tana da ma'ajiyar mai a bututun waje, kuma iska ko gas na zama a saman man. Saboda haka dole ne a ɗaura ta gangar jiki a ƙasa, sanda a sama. Idan aka kife ta, iska za ta shiga inda mai ke aiki, man ya yi kumfa, shakazobar ta daina riƙe motar.

Mai bututu ɗaya, wadda injiniyan Faransa Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro a shekarun 1950, tana da fistin na biyu da ke raba mai da gas ɗin naitirojin. Wannan ya sa tana iya aiki a tsaye ko a kife, gwargwadon umarnin kamfanin da ya ƙera ta.

Motar da aka rage wa tsayi

A Amurka wasu na rage tsayin motar a-kori-kura don ado, ta hanyar mayar da aksul saman sifirin. Hakan na taƙaita tazarar da shakazoba ke motsawa, ya kuma ƙara kwantar da ita. A lissafi, idan ta karkata da digiri 30 daga tsaye, kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinta ne ke kaiwa ga taya. A digiri 45 kuwa rabi ne kawai. Maganin shi ne a sa gajeriyar shakazoba ko a gyara mazauninta.

A Jigawa

A Dutse da kewayenta, lodi ne ya fi durƙusar da bayan mota. Toyota Hilux da tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, suna jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwanni irin su Shuwarin da Gujungu. Idan sifirin ya saki saboda nauyi, shakazoba kan matse har ƙarshe a kan hanyoyin burji, mai ya fara yoyo. Sakamakon haka taya ba ta zama daram a ƙasa, birki ya ƙi kamawa da wuri.

Ƙa'idojin ɗaurawa

Ana canza shakazoba biyu-biyu, hagu da dama. A wasu motocin, ɗaya na gaban aksul ɗaya na baya, don hana shi murɗewa, kuma bai kamata bakanike ya sauya wannan tsari ba. Ana ƙarasa ɗaure kusoshi ne bayan an sauke motar daga kan jak, domin kada robar mazaunin ta murɗe ta tsage.