Madarunfa: Haɗarin da yaran masu kafa na'urorin sanyi ke fuskanta

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a jihar Maradi da ke Jamhuriyar Nijar. A Madarunfa, kudu da birnin Maradi, lokacin ne kasuwar masu kafa firji, firiza da na'urar sanyaya ɗaki ke buɗewa, domin masu sayar da ƙanƙara da lemo da dillalan kifin tafkin garin duk suna neman sanyi.

Sai dai aikin ba ya yiwuwa sai da injin huda bango da injin yankan ƙarfe, kuma galibi yaran shago masu koyon sana'a ne ke riƙe su.

Ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyawa kusan sau 11,000 a minti guda. Idan faifansa ya tsage, ɓarɓashin kan faɗa ido ko fuska, musamman idan an cire murfin kariya don a saka faifan da ya fi girma. Shi kuwa injin huda bango, idan bakinsa ya maƙale a rodi, yakan murɗe wuyan hannu, har ya jefo mutum daga tsani. Idan ya taɓa wayar da aka binne a bango, wuta mai ƙarfin volt 220 ce za ta kama shi.

Ɗauke wuta ma tarko ne. Idan wutar NIGELEC ta ɗauke, ma'aikaci ya ajiye injin a kunne, da zarar ta dawo injin zai iya tashi da kansa kusa da ƙafa ko yatsu.

Akwai kuma iskar gas. R600a da ke cikin firji na zamani tana kamawa da wuta, don haka tartsatsin yankan bututu kaɗai ya isa ya jawo gobara.

A doka, hukumar CNSS ce ke biyan kuɗin magani da diyyar haɗarin aiki, amma ga ma'aikacin da aka yi wa rajista. Wanda ba ya cikin rajista, nauyin jinyarsa a asibitin gundumar Madarunfa ko na Maradi kan faɗa kan iyayensa ko tausayin maigida.

Ga 'yan uwa mazauna ƙetare da ke aiko da kuɗin buɗe shago, ya kamata lissafin ya haɗa da tabarau na kariya, takalmi mai ƙarfi da na'urar gwada wuta. Kuɗinsu bai kai na jinyar ido ɗaya ba.