Rigakafin Kare Da Kyanwa: Garkuwar Da Muke Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Idan aka ambaci likitan dabbobi a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne shanu da tumaki da awaki, sai kuma dawakin sarakuna da kajin gidan gona. Waɗannan su ne dukiya, don haka ba a ƙyashin kashe musu kuɗi. Amma kare da kyanwa, duk da cewa sun fi sauran dabbobi kusanci da ɗakunan kwananmu, da wuya ka ga wanda ya ɗauke su ya nufi asibitin dabbobi da su alhali lafiyarsu ƙalau. Wanda ya yi haka ma sai a ce ya cika fi'ili, ko kuma boko ya yi masa yawa.

To amma karnukan suna nan tare da mu, ko muna so ko ba ma so. Mafarauci yana da su, makiyayi yana da su a ruga, manomi ya ajiye su a bakin gona, attajiri ya sayo na ƙasashen waje ya sa su gadin gida, ga kuma waɗanda ke yawo tsakanin juji da mahauta, kowa na jefa musu ƙashi amma babu mai cewa nasa ne. Kyanwa kuwa kusan babu unguwar da ba ta shiga ta fita, daga rumbun hatsi zuwa shagon ɗan tireda. Dabbar da ke zaune da mutum haka, lafiyarta da tasa a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Babu inda wannan gaskiya ta fi fitowa fili kamar a ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kuma kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka da Asiya suke. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, sannan wajen huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin haka a bayyane yake. Yaro ne ke tsokanar kare, shi ne ke wasa da kwikwiyo, tsawonsa bai kai ya kare fuskarsa da wuyansa ba, kuma shi ne zai ɓoye cizo ko yakushi don tsoron faɗan iyaye.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jiki ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar wani miki, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma gwargwadon kusancin cizon da kai, gwargwadon saurin isarta. A nan yaudarar take: raunin ya warke, an manta da karen, sai wata rana zazzaɓi ya taso, sai firgita da rashin barci, sai maƙogwaro ya riƙa shaƙewa da zarar an miƙo ruwa, har majinyacin ya koma tsoron ruwan da yake ƙishirwarsa. Daga lokacin da waɗannan alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi, ko da a wane asibiti yake a duniya. A garuruwanmu da yawa akan ce iskoki ne, ko sammu, ko sanƙarau, a yi jana'iza ba tare da sunan ciwon ya shiga littafin kowace hukuma ba. Shi ya sa alƙaluman da ake rubutawa ba su kai ainihin ɓarnar ba.

Abin takaicin shi ne, an daɗe da sanin maganin abin. Tun a watan Yuli na 1885 masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca, ta hanyar yi masa allurar rigakafi. Don tunawa da shi ne tun daga 2007 aka keɓe ranar 28 ga Satumba, ranar da ya rasu, a matsayin ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. A 2015 kuma hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka sa wa kansu wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane sanadiyyar cizon mahaukacin kare.

Hanyar da masana suka tabbatar ita ce a tare ciwon a jikin kare kafin ya iso ga mutum. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka kuma maimaita shekara bayan shekara, ƙwayar cutar takan rasa inda za ta yaɗu, ta mutu a hanya. Da wannan dabara ce Meziko ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya Ta Duniya ta shaida, a 2019, cewa ta rabu da haukan kare a matsayin barazana ga jama'arta. Kada mai karatu ya ce ai can nesa ne. A nan maƙwabta, a birnin Injamena na Chadi, an yi gangamin yi wa karnuka allura kyauta a 2012 da 2013, aka cim ma wannan adadi, ciwon kuwa ya ɗauke na tsawon watanni. Daga baya ya sake kunno kai ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga wajen birnin. Darasi biyu ke nan a tafiya ɗaya: abin yana yiwuwa a yanayi irin namu, kuma aikin rana ɗaya ba ya wadatarwa.

Batun shigo da karnuka ya shafe mu kai tsaye. Kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato ta yi suna wajen cinikin karnuka, kuma daga jihohin Arewa da dama ake tattaro su a kai can, daga nan wasu su wuce Kudu. Mafarauta su ma sukan tsallaka jihohi da karnukansu a lokacin rani. Kare ɗaya mai ɗauke da ciwon ya isa ya kai shi inda ba a taɓa jin labarinsa ba.

Wani zai ce, me zai hana a bi karnukan nan a kashe a huta? An gwada haka a ƙasashe da yawa, tsugune ba ta ƙare ba. Muddin akwai juji da ragowar abinci, wasu karnukan za su maye gurbin waɗanda aka kashe, su hayayyafa cikin 'yan watanni, sau da yawa ma har da waɗanda aka riga aka yi wa allura ake hallakawa. Karen da aka yi wa rigakafi tamkar katanga ne tsakanin mahaukacin kare da yaran unguwa.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin a fili yake. Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 yi wa mutum ɗaya jerin allurai bayan cizo ya ci kimanin dala 108, ban da kuɗin mota da ranakun aikin da aka rasa, alhali allurar kare ɗaya 'yan daloli ce kawai. Magidancin karkara da aka ce ya kawo irin wannan kuɗi, ya kuma dawo asibiti sau uku ko huɗu, yawanci allura ɗaya zai karɓa wa ɗansa ya koma gida ya rungumi ƙaddara. Ga kuma asarar dabbobi, domin mahaukacin kare yana cizon saniya da jaki da raƙumi, su ma su kamu su mutu.

To mene ne ke wuyan mai kare ko mai kyanwa? Da farko, allurar haukan kare idan dabbar ta cika wata uku, sannan a riƙa sabunta ta kowace shekara, a kuma adana takardar shaidar da likita ya bayar, domin ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci ita ce za ta raba gardama. Kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum, don haka ba a cire ta ba. Akwai kuma allurar haɗin gambiza da ake fara yi wa kwikwiyo tun yana mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai kimanin wata huɗu. Ita ce ke kare shi daga cutar amai da gudawar jini da likitoci ke kira fabo, wadda kan share 'ya'yan karya gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, da cutar distemfa mai taɓa huhu da ƙwaƙwalwa, da wasu cututtukan hanta da ƙoda. Kyanwa tana da tata allurar mai kare ta daga mura mai tsanani da wata cutar hanji mai kisa.

Na biyu, maganin tsutsar ciki, aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku ga babbar dabba. Ƙwan wasu tsutsotsin yana fita a kashin kare ya zauna a ƙasar da yara ke wasa. Akwai ma wata tsutsa da kare ke ɗauka idan ya ci ɗanyen huhu ko hantar dabba mai ƙullutun ruwa, irin wanda mahauta ke yankewa su jefar, daga nan ta koma ga mutum ta yi masa irin wannan ƙullutu a hanta, wanda sau da yawa sai an kai ga fiɗa. Binne irin wannan nama ko ƙona shi aiki ne na sarkin fawa da jami'an duba nama. Mace mai juna biyu kuma ta nisanci kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya illata ɗan tayi.

Na uku, yaƙi da kaska da ƙuma, musamman da damina, domin kaska tana sa wa kare zazzaɓi da ƙarancin jini. A nan sai an yi hattara da shawarar 'yan kasuwa. Wasu magungunan kaska da ake shafa wa kare guba ne ga kyanwa, haka nan farasitamol ɗin da muke sha ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Likita ne ya san abin da ya dace da nauyin kowace dabba, shi ne kuma zai ba da shawara kan fiɗiye ta idan ba a bukatar ta hayayyafa.

Idan kuwa cizo ya auku, matakin farko ba ya bukatar ko kwabo: a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar. Ƙona gashin karen a shafa a raunin, ko ɗaure shi da ganye, ba ya taɓa ƙwayar cutar. Kada a yi saurin kashe karen idan ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba. A killace shi kwana goma likitan dabbobi na lura da shi, amma kada a jira cikar kwanakin kafin a fara allura. Ya kamata kuma a sani cewa ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani yakan yi laushi ne, haɓarsa ta saki, yawu na dalala kamar ƙashi ya maƙale masa, mai tausayi ya zura hannu a bakinsa don ya cire, ya ɗauko ajalinsa.

Ga masu fakewa da addini don su wofintar da waɗannan dabbobi, shari'a ta halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Imam Malik da akasarinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Ingantattun hadisai sun kawo labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana, kuma barin ta ta zama sanadin cutar da maƙwabci ba ya cikin tawakkali. Malamanmu za su yi wa al'umma babban hidima idan suka kawo wannan magana kan mumbari.

Kayan aikin ba sai an nemo su daga nesa ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi Ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana sarrafa allurar haukan kare, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun daɗe suna yaye likitocin dabbobi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Arewa kuma ta san amfanin rigakafi, domin da shi aka ga bayan cutar bushiya da ta sha ƙarar da garken shanu, har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011, da shi kuma aka kai ga shaida Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a 2020, bayan sarakuna da malamai sun sa baki.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su ware kuɗin allurar karnuka kyauta a kasafin kowace shekara, su haɗa ta da zagayen rigakafin shanu, tunda inda garke yake nan kare yake. Ƙananan hukumomi su yi rajistar karnuka ta hannun dagatai da masu unguwanni da sarakunan dawa, waɗanda suka san kowane gida da kowane mafarauci. A tanadi allurar bayan cizo a kowane babban asibiti, cikin sanyin da ya dace, kuma a sa ma'aikatan lafiyar mutane da na dabbobi su riƙa sanar da juna duk cizon da aka kawo. Makarantun firamare da na Islamiyya su koya wa yara yadda ake zama da kare, da kuma cewa ba a ɓoye cizo.

Mu kuma da Allah Ya ba ilimi da hali, mu fara da na gidajenmu da na gonakinmu, mu kuma tambayi mai gadi da makiyayinmu yaushe rabon karnukansu da allura. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma 2030 ta kusa. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.