Kariyar Sisili: Hanyoyi uku da mai baƙaƙen 'ya'ya ke bi don neman nasara a wasan ces

A shekarar 1972, a birnin Reykjavik, Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet sun kara don neman kambin duniya na wasan dara na ces. A wasa na 11, Fischer da ke riƙe da baƙaƙen 'ya'ya ya tura sarauniyarsa can cikin gidan abokin hamayya ta cinye ƙaramin soja ɗaya. Spassky ya tare mata hanyar dawowa, ta rasa mafita, Fischer ya sha kaye.

Fischer ne ya lashe gasar daga ƙarshe, amma wannan wasa ya nuna halin buɗin da ya fi so, wato Kariyar Sisili. Sunanta kariya, amma mai yin ta kasada yake shiga da idonsa biyu.

Yadda take farawa

Allon ces na da gidaje 64, ana kiransu da haruffa daga a zuwa h da lambobi daga 1 zuwa 8. Mai farare ne ke fara motsi, kuma sau da yawa yakan tura sojan gaban sarki zuwa e4. Idan mai baƙaƙe ya amsa da tura soja zuwa c5, an shiga Kariyar Sisili, wadda ta samo suna daga tsibirin Sisili na Italiya.

Dabarar ita ce, idan mai farare ya tura soja zuwa d4, sai mai baƙaƙe ya yi musayar sojansa na gefe da na tsakiya. Daga nan kowa na da ɓangaren da zai kai hari, shi ya sa wasan ba ya saurin mutuwa a canjaras. Rassan buɗin suna da yawa, amma uku sun fi farin jini.

Najdorf

A motsi na biyar mai baƙaƙe yana tura soja taki ɗaya zuwa a6. Motsin kamar ba komai, amma yana hana doki da bishof na farare sauka a b5, yana kuma share fagen kai hari ta wannan gefe.

An raɗa masa sunan Miguel Najdorf, haifaffen Poland, wanda Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da shi a Buenos Aires a 1939 yana wajen gasa. Ya ci gaba da zama a Ajantina, iyalansa kuwa sun halaka a hannun 'yan Nazi. Fischer da Garry Kasparov duk sun dogara da wannan reshe. Wahalarsa ita ce hadda, domin mai farare na da amsoshi da dama kuma kowace na da nata tarkon. Sojan da Fischer ya ci a b2 ma suna gare shi, ana ce masa soja mai guba.

Dragon

A nan mai baƙaƙe na tura soja zuwa g6, ya ajiye bishof a g7 inda zai riƙa hango allo daga kusurwa zuwa kusurwa. Amsar da ta fi zafi ita ce mai farare ya kai sarkinsa ɗaya gefen, sannan ya sako sojan layin h kan sarkin baƙaƙe. Daga nan sai tsere: wanda ya riga isa ga sarkin ɗan'uwansa shi ke ci.

A 1974 Anatoly Karpov ya rusa Dragon ɗin Viktor Korchnoi cikin motsi 27 a Mosko. Amma a 1995 Kasparov ya fito da shi ba zato a karawarsa da Viswanathan Anand na Indiya a New York, ya ci wasanni biyu da shi.

Sveshnikov

Wannan reshe ya saɓa wa abin da ake koya wa ɗan koyo. Mai baƙaƙe na tura soja zuwa e5 da wuri, ya bar gidan d5 babu sojan da zai iya tsare shi, sojansa na d6 kuma ya zama mai rauni. Abin da yake samu a madadin haka shi ne sarari da kuzarin manyan 'ya'yansa.

Evgeny Sveshnikov na Tarayyar Sobiyet ne ya raya shi a shekarun 1970. Magnus Carlsen na Norway ya dogara da shi a 2018 a Landan, lokacin da ya kare kambinsa a gaban Fabiano Caruana. Duk wasanni 12 na farko sun tashi canjaras, sannan Carlsen ya cinye uku a jere a wasan gaggawa.

Wanne zan zaɓa?

Kowane reshe akwai abin da za ka sadaukar: Najdorf na cin lokacin karatu, Dragon na jefa sarkinka cikin haɗari, Sveshnikov na barin ka da rauni a tsakiya. Ɗan koyo da ke wasa a waya, a Lichess ko Chess.com, zai fi saurin gane Dragon, saboda manufarsa a bayyane take.

Sai dai kada ka haddace motsi goma sha biyar ba ka san dalilinsu ba. Abokin wasanka na iya kauce wa shirin gaba ɗaya tun a motsi na biyu, ta hanyar tura soja zuwa c3. Ka ɗauki reshe ɗaya, ka buga shi wasanni masu yawa, kuma duk wasan da aka cinye ka, ka koma ka nemo motsin da sarkinka ya fara shiga matsala.