Daga gidan Lidiya mai sayar da tufa zuwa Damagaram: yadda addinin Kirista ya bi hanyar fatake

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwar Tanut da Belbeji da Bakin Birji, yau za mu ɗan taɓa tarihin maƙwabtanmu. A ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristocin Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. A Damargu kuwa ƙalilan ne, galibinsu ma'aikata da sojoji da ƴan kasuwa da suka zo daga kudu. Muna ciniki da su kullum, amma kaɗan daga cikinmu suka san cewa addinin nan nasu a gidajen ƴan kasuwa ya fara rarrafe.

A wajen shekara ta 30 ne almajiran Annabi Isa (AS) suka fara haɗuwa a Birnin Ƙudus. Kowa ya san inda muka rabu: su sun ce an gicciye shi ya tashi, mu Musulmi mun ce Allah ya ɗauke shi. Wannan maganar malamai ce, mu tarihi muke bi. Littafinsu na Ayyukan Manzanni ya nuna cewa suna haɗa abin hannunsu suna ciyar da mabuƙata, kuma rigimar farko da ta tashi tsakaninsu a kan rabon abinci ce. Masu jin Girkanci suka yi ƙorafi cewa ana tsallake matansu da mazajensu suka rasu, sai aka zaɓi mutum 7 su riƙe rabon. Duk wadda ta taɓa riƙe kuɗin adashi ta san irin wannan magana.

Wanda ya fi kowa yawo da saƙon shi ne Bulus, mutumin Tarsus, a Turkiyya ta yau. Sana'arsa ɗinkin tanti, kamar dai masu ɗinka bukkar fata ta Buzaye. In ya sauka gari sai ya nemi abokan sana'a, ya yi aiki ya ci guminsa, sannan ya yi wa'azi. A Koranti wajen wasu mata da miji ya zauna, Biriskila da Akila, su ma maɗinka tanti.

Amma wadda ta fi jan hankalinmu ita ce Lidiya. Mutuniyar Tayatira ce, garin marina, ta je Filibi a ƙasar Girka tana sayar da tufa mai rinin shunayya. Tufa ce ta manya, mai tsada, kwatankwacin turkuɗin Kura da Buzaye ke sayen sa ba ciniki mai yawa. Ke nan ba ƙaramar ƴar tebur ba ce, uwar ɗaki ce mai jari da gida da barori. A wajen shekara ta 50 ta ji wa'azin Bulus a bakin kogi, ta karɓa ita da mutanen gidanta, ta matsa wa baƙin sai da suka sauka wurinta. Gidanta ya zama wurin taron masu bi a garin. Haka abin ya tafi shekaru kusan 200: babu ginin majami'a, sai zauren wani ko tsakar gidan wata. A ganinmu, da babu irin su Lidiya masu ba da masauki da tuwo, da wa'azin bai yi nisa ba.

Sun sha wuya. Sarkin Rum Nero ya karkashe su a shekara ta 64. A 203, a Kartaj da ke Tunisiya ta yau, aka jefa wa namun daji wasu mata biyu, Farfetuwa mai shayarwa da Felisita baiwa, don sun ƙi barin addininsu. Sai a 313 sarki Kwanstantin ya ba su izinin ibada a fili.

Ku lura, Kartaj Afirka ce. Addinin ya shiga Masar da Arewacin Afirka tun kafin ya kai yawancin ƙasashen Turai, don haka sunan "addinin Bature" da muke ba shi bai cika daidai ba. Habasha ta karɓe shi a ƙarni na 4, ta hannun wani yaro, Furumentiyus, da jirgin da yake ciki ya tsaya a gaɓar Bahar Maliya aka kama shi. A wajen wani sarkin Kirista na ƙasar nan, Najjashi, sahabban Manzon Allah (SAW) suka sami mafaka a 615.

Sai dai bai ƙetaro Sahara zuwa gare mu ba. Ayarin da ke saukowa daga Tarabulus da Ghat, ya biyo Agadas ya sayi geron Damargu, Musulunci ya kawo mana. A 1710 wasu limaman Katolika biyu sun gwada wannan hanya, suka kai Agadas, suka wuce Katsina, ciwo ya kashe su can a 1711.

Abin mamaki, ɗan ƙasarmu ne ya taimaka aka fara sa littafin Kirista cikin Hausa. Dorugu, yaro daga Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa, Bature Overweg ya ƴanta shi, Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön, wanda ya yi ta rubuta Hausar bakinsa yana aikin fassara da ita. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932.

Ƴan mishan kansu ta kudu suka shigo, daga Najeriya. Ƙungiyar SIM ta zauna Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun kafa a Yamai a 1931. Mabiya kaɗan suka samu, amma asibitin Galmi har yau cike yake, kuma mafi yawan masu kwana a gadajensa Musulmi ne.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram. Aka ƙone majami'u da shagunan Kiristoci, washegari wutar ta kai Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Masu zanen suna Faris, jarida ce ma da ta saba yi wa Paparoma da Annabi Isa (AS) ba'a. Waɗanda aka ƙone wa kaya kuwa mutanen da ake sayen sabulu da kayan babur a wurinsu ne. Ɗaruruwansu suka kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi suka ɓoye su a cikin ɗaka har ƙura ta lafa.