Ƙwayoyin Lantarki na Musamman a Injinan Haƙar Bitcoin

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan ƙwayoyin lantarkin da ake kira ASIC, waɗanda su ne ƙashin bayan injinan haƙar kuɗin kirifto. An ɗauki Bitcoin a matsayin misali, domin a kansa ne aka fara ƙera irin waɗannan injina. Ƙwaya a nan tana nufin ɗan ɓallen silikon, wanda bai wuce girman farce ba, da aka shimfiɗa wa hanyoyin lantarki masu ɗimbin yawa.

Mene ne haƙa?

Bitcoin ya fara aiki a watan Janairu na 2009. Ba shi da banki. A maimakon haka akwai littafin ciniki guda, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Kusan kowane minti 10 akan ƙara wa littafin sabon shafi, kuma wanda ya riga kowa rufe shafin shi ke samun lada. Wannan tseren shi ake kira haƙa, ko da yake babu ƙasar da ake tonewa.

Ana rufe shafi da wani lissafi mai suna SHA-256. Duk bayanin da aka zuba masa, yakan fitar da wata doguwar lamba wadda za a iya kira hatimi. In aka canza ko da harafi ɗaya a cikin bayanin, hatimin zai sauya gaba ɗaya, kuma ba mai iya sanin abin da zai fito kafin a yi lissafin. Sharaɗin shi ne hatimin ya kasance ƙasa da wani adadi, wato ya fara da sifiri masu yawa. Saboda haka mai haƙa ba shi da wata dabara sai gwaji: ya canza wata lamba da ke kan shafin, ya lissafa, in bai dace ba ya sake. Bayan kowane shafi 2,016, wato kimanin mako biyu, tsarin yakan daidaita wuyar aikin, ta yadda ko injina sun ƙaru, tazarar minti 10 ba za ta gushe ba.

Daga kwamfutar gida zuwa ASIC

Da farko da kwamfutar gida ake haƙa. A 2010 aka koma ga katin sarrafa hoto, wanda ke yin lissafi da yawa a lokaci guda. A 2011 aka gwada wasu ƙwayoyi da ake iya sake tsara hanyoyinsu. A farkon 2013 kuwa injin Avalon ya fito daga ƙasar Sin ɗauke da ASIC, daga nan sauran na'urorin suka kasa yin gogayya.

Yadda ƙwayar take aiki

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tamkar mutum ne mai sana'a goma. Tana karanta umurni, ta fassara shi, ta ɗauko bayani daga ma'ajiya, sannan ta aiwatar. Duk wannan kai da kawowa na cin lokaci da wuta. ASIC kuwa kamar injin niƙa take: niƙa kawai ya sani, amma ba mai turmin da zai kamo shi. Matakan SHA-256 guda 64 an riga an zana su a jikin silikon, don haka babu umurnin da za a tsaya karantawa.

Abu biyu ke ba ta sauri. Na farko, an jera matakan kamar masu miƙa wa juna bulo a wurin gini: da zarar mataki na ɗaya ya miƙa aikinsa ga na biyu, sai ya karɓi sabo. Na biyu, a cikin ƙwaya ɗaya akwai irin wannan jeri da yawa, kowanne yana gwada tasa lambar. Sannan akan haɗa ƙwayoyi masu yawa a inji guda. Antminer S9, wanda kamfanin Bitmain ya fitar a 2016, yana da ƙwaya 189, kuma yana gwaji kusan tiriliyan 14 a daƙiƙa ɗaya. Antminer S21, da ya biyo baya, yana yin tiriliyan 200.

Wuta da zafi

Abin da mai haƙa ya fi dubawa shi ne wutar da kowane gwaji ke ci. S9 yana cin kusan jul 98 a kan kowane gwaji tiriliyan ɗaya, S21 kuwa jul 17.5. Duk da haka S21 yana jan wat 3,500, wato kilowat-awa 84 a kwana ɗaya, kuma kusan dukan wannan wuta zafi take zama. Shi ya sa ake sa wa injinan fankoki masu ƙara, ko a sanyaya su da ruwa, ko a nutsar da su cikin wani mai na musamman. Shi ya sa kuma masu haƙa ke bin inda wuta take da araha. Da ƙasar Sin ta hana haƙa a 2021, da yawa sun kwashe injinansu zuwa Amurka da Kazakistan.

Kammalawa

Ƙwarewa a aiki guda tana da nata farashi. Ladan shafi yana raguwa da rabi bayan kowane shafi 210,000: daga Bitcoin 50 a 2009 ya sauko zuwa 3.125 a watan Afrilu na 2024. Injin da kuɗin wutarsa ya fi abin da yake samowa dole a kashe shi, kuma tun da ba ya iya wani aiki, sai ya zama shara. Ban da haka, kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera injinan, abin da ya sa haƙa ta bar hannun ɗaiɗaikun mutane ta koma ga masu babban jari. Wasu tsare-tsaren sun bi wata hanya: Monero ya sauya lissafinsa a 2019 don ya dace da kwamfutar gida, Ethereum kuma ya daina haƙa baki ɗaya a watan Satumba na 2022.