Fitsarin Jini Ba Alamar Balaga Ba Ne

Mu da muke noma a ƙasar Dandi da Bagudo, ruwa ne arzikinmu. Daga Kamba zuwa Dole-Kaina, daga Illo zuwa Lolo a bakin iyakar Benin, kogin Kwara da fadamunsa ne suke ba mu shinkafa da kifi. Amma a cikin ruwan nan akwai wata cuta da muka saba da ita har mun daina jin tsoronta, watau tsargiya. Yaro ya yi fitsari da jini, sai a ce zafin rana ne, ko kuwa a ce ya fara zama namiji. Ba haka ba ne. Wannan jini daga rauni yake fitowa, raunin kuwa idan ya daɗe yana iya zama sankara, wadda ake kira ciwon daji.

Daga ina take zuwa?

Wata 'yar tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Idan mai tsargiya ya yi fitsari a tafki ko a lambatu, ƙwan tsutsar sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga cikin ƙananan katantanwa. Bayan makonni kaɗan sai su fito da yawa, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan domin dashen shinkafa, ko su, ko wanki, ko iyo, sai su huda fatarsa su shiga. Ba sai ya sha ruwan ba. Su girma a jijiyoyin jini kewaye da mafitsara, su shekara da shekaru suna saka ƙwai ɗaruruwa kowace rana.

Abin da ke faruwa a mafitsara

Cikin mafitsara akwai wata fata mai laushi, kamar ta cikin kumatu. Kowane ƙwai yana da ƙaya a ƙarshensa. Waɗansu su keta fatar su fita tare da fitsari, shi ne jinin da muke gani. Waɗansu kuwa su maƙale a ciki, wurin ya yi ta kumburi.

Dukanmu mun san kanta. Hannun da ya daɗe yana riƙe ƙotar fartanya yakan yi tauri. Haka fatar mafitsara take yi idan raunin bai daina ba: sai ta sāke kama, ta yi kauri da tauri. Daga baya, a waɗansu mutane, ƙwayoyin fatar sai su fara girma barkatai. A wannan mataki ba a kai ga sankara ba tukuna, amma an kama hanyarta. Tafiyar takan ɗauki shekaru masu yawa, sau da yawa kuma jinin ya riga ya ɗauke, mutum yana tsammani ya warke. Ba kowane mai tsargiya ne zai yi sankara ba. Amma wanda ya yi ta kamuwa tun yana yaro ba magani, shi ya fi shiga haɗari, balle in yana shan taba.

Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura da haka a Masar. A 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa tsutsar nan cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo sankara. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ma sun rubuta cewa yawancin sankarar mafitsara da suka gani irin wadda tsargiya ke kawowa ce. Abin ƙarfafa zuciya kuwa shi ne, da Masar ta rage tsargiya, irin wannan sankara ta ragu ƙwarai.

Me ƙungiya za ta yi?

Na fari, magani. Sunansa praziquantel, ƙwaya ce, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi daidai. A sha bayan an ci abinci. Jiri ko ciwon ciki na iya zuwa, amma yakan wuce. Idan ma'aikatan lafiya sun kawo shi makaranta, kyauta ne, kada mu hana 'ya'yanmu. Yaran da ba sa makaranta, masu kiwo da masu su, mu kai su ɗakin shan magani. Maganin yana kashe tsutsa, amma ba ya hana sāke kamuwa, saboda haka sau ɗaya bai isa ba.

Na biyu, kada kowa ya yi fitsari a ruwa. Ƙungiya ta gina masai kusa da fadama, nesa da bakin ruwa. In akwai rarar kuɗi bayan girbi, a sayi takalman roba masu tsawo, a gyara rijiya domin wanka da wanki.

Na uku, duk babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa, ko da ba zafi, kada ya ce tsargiyar yarinta ce ta dawo. Ya je babban asibitin Kamba a gwada fitsarin, in an tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato domin hoto, ya tafi. Mata ma tsargiya tana taɓa musu bakin mahaifa, kada kunya ta hana su faɗa. Ƙungiya ta ware wani abu a asusu domin kuɗin motar irin waɗannan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A taronku na gaba, ku tambayi kowane maigida yaran gidansa nawa ne suka sha maganin a bana, magatakarda ya rubuta.